Barci da Damuwa Gabanin Haila ga Ɗaliban Aikin Jinya

Mata da yawa sukan yi fama da kumburin ciki, ciwon mama da saurin fushi 'yan kwanaki kafin haila, abin ya lafa bayan saukowar jini. Likitoci biyu a Ingila, Greene da Dalton, suka raɗa wa lalurar suna a 1953. A kwanakin nan zafin jiki yakan ɗan ƙaru, barci ya rage nauyi. To, ɗalibar jinya ga aikin dare, ga fargabar jarrabawa. Damuwa takan hana barci, rashin barci ya ƙara damuwa, alamun kuwa su tsananta. Saboda haka ya kamata malami ya duba tsarin aikin dare kafin ya zargi ɗaliba da lalaci.