Saƙar Kwarashi: Lemon Zare Ya Zama Kyautar Suna

Paikon Kore gari ne na manoma da makiyaya a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya da aka kafa a 1976. A nan, kamar sauran garuruwan Arewa, mace ba ta zuwa suna hannu sake, tsadar kaya kuwa ta sa kyauta ta zama nauyi.

Da ma matanmu sun saba saƙa wa jariri hula da safa da kwarashi. Da wannan kwarashin ake saƙa ɗan lemo ko mangwaro na wasa, irin saƙar da mutanen Japan ke kira amigurumi. Akan fara da ƙulli shida a zagaye, a riƙa ƙara shida a kowane layi har ya kai faɗin da ake so, sa'an nan a riƙa ragewa. Kafin bakin ya rufe sai a cusa auduga, a ɗinke, a ɗora ganye na koren ulu.

Amma tilas a yi hattara. Kada a maƙala maɓalli ko dutsen ado a matsayin ido, gama jariri yana iya ciro shi ya haɗiye ya shaƙe. Da zare ake ɗinka idon, a kuma matse saƙar don kada audugar ta fito.

Ragowar ulun hula ya isa lemo guda. Saboda haka wadda ta iya kwarashi ta huta da cin bashin kayan barka, har ma ta saƙa na sayarwa a kasuwar Gwagwalada.