Zato a bakin Rumawa: kalmar da ta fara daga kallon ƙasa-ƙasa

Wata biyu ke nan da aka kama wani bakanike maƙwabcina a zango kan ɓatan babur. Kwana biyu ya yi a caji ofis, aka sake shi don ba a same shi da komai ba. Amma har yau mutane sun daina kai masa gyara. Da ya nuna mini takardar 'yan sanda, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a rai: suspect. Haka ake rubuta ta da Turanci, haka da Faransanci. Sai na ce bari dai in bi sawunta.

Asalinta Latin ne, harshen Rumawan dā. Suna cewa suspicio, daga sub, wato ƙasa, da specere, wato duba. Kallo ne daga ƙasa, irin wanda muke ce wa kallon ƙasa-ƙasa. Abin mamaki, fi'ilin suspicere yana kuma nufin ɗaga kai ka dubi mutum don girmamawa. Ido ɗaya ne, zuciya ce ta bambanta.

A shekara ta 80 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lauya Sisero, yana saurayi, ya kare Sekstus Roskiyus da aka zarga da kashe mahaifinsa. Ya yarda cewa mutum na iya zama marar laifi amma bai tsira daga zato ba. Sai ya kwatanta masu shigar da ƙara da karnukan gadin haikali: in sun yi haushi da dare ba laifi, tunda ba sa iya bambance ɓarawo, amma in suka yi wa masu ibada haushi da rana tsaka, sun cancanci a karya musu ƙafa. Aka sallami Roskiyus.

Ba kowa ya yi wannan sa'a ba. A shekara ta 62 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mai suna Kilodiyus ya yi shigar mata ya kutsa gidan Yuliyas Kaisar, inda ake bikin addini na mata zalla. Kaisar bai ba da shaida a kan kowa ba, amma ya saki matarsa Fompeya. Dalilinsa, kamar yadda marubuci Suwetoniyus ya kawo, shi ne dole iyalinsa su kuɓuta daga zato kamar yadda za su kuɓuta daga laifi. Ka ji fa, aure ya mutu ba tare da hujja ba.

Dokarsu kuwa ta ja layi. Sarki Tarajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, ya rubuta cewa kada a hukunta kowa bisa zato, gara mai laifi ya tsere da a hukunta marar laifi. Wannan hukunci ya shiga kundin dokokin Sarki Jastiniyan na 533.

Daga baya kotunan coci a Turai suka mai da kalmar ma'auni mai hawa uku: zato mai sauƙi, mai ƙarfi, da mai tsanani. A 1633 aka ce masanin taurari Galileo yana ƙarƙashin zato mai ƙarfi na kauce wa aƙida, don ya ce duniya ce ke zagaya rana. Aka sa shi ya janye maganarsa, ya zauna ɗaurin talala har ya mutu a 1642. A nan zaton kansa ya zama hukunci.

Mu muna da kalmomi uku: zato a zuci, zargi a baki, tuhuma a gaban alƙali. Kuma iyayenmu sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Alƙali dai bai ma ga maƙwabcina ba. Mu 'yan unguwa ne muka yanke masa hukunci. Jiya na tura masa babur ɗina ya duba mini birki.