La'adar Intanet: Dillalin da Ba Ka Gani

A Mahuta na taso, ina raka Baba kai masara kasuwar Funtua. A can, dillali a gabanka yake karɓar la'adarsa, buhu-buhu. To, kasuwar gwanjo ta intanet ma tana da dillali, sai dai ba ka ganinsa.

Ɗauki eBay. A Amurka suna cire wa mai sayarwa kusan kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, har kuɗin aikawa ake haɗawa a lissafin. Wato kayan dala 100, aikawa dala 20, kusan dala 16 ta tafi.

Don haka ɗan'uwa, fara ware la'ada kafin ka yanka farashi. In ba haka ba, wahala taka, riba tasu.