Tramol a Gudel: wa ke sha, wa ke cin riba?

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Gudel, tsohon garin nan na bakin kogin Isa da birnin Yamai ya haɗiye, zai tarar mutane sun riga rana fita. Masu garka suna ban-ruwa, ƴan amalanke suna lodi, magina sun hau bisa gini. To amma a nan, kamar sauran unguwannin Yamai, akwai abin da wasu leburori ke korawa da shayi ko gahawa kafin su kama aiki: ƙwayar tramadol, wadda kowa ya sani da sunan tramol.

Asalinsa magani ne na kashe zafin ciwo, dangin ofiyom. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fito da shi kasuwa a 1977. Likita kan rubuta miligiram 50 ko 100, bisa sharaɗin kada a zarce 400 a yini. Na kan tiren ƴan talla kuwa, ƙwaya guda tana kai 120, ko 200, ko 225. Takan ɓoye gajiya da yunwa, shi ya sa mai aikin ƙarfi ke son ta. Sannu a hankali jiki ya saba, ɗaya ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, har mutum ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. In ya ce zai bari, ciwon gaɓoɓi da zufa da rashin barci su mayar da shi wurin mai tire.

Shi ma tiren yana da tarihi. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, talaka ya ƙara nisa da farmasi, ya koma ga mai sayar da ƙwaya ɗai-ɗai ba tare da takardar likita ba. Wannan hanya tramol ya tarar a share, ya bi.

Ba a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 23 ga Satumba 1999 ta tanadi hukunci ga mai fatauci da mai sha, kuma hukumar OCRTIS tana kame. A Satumban 2017 an cafke ƙwayoyi fiye da miliyan 3 a Nijar, cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya. Indiya, inda akasarin kayan ke fitowa, ta tsananta dokarta a 2018. Sai ƴan fatauci suka canza sheƙa zuwa tapentadol, wanda ya fi tramol ƙarfi, suka gauraya shi da wani maganin sakin jijiya. A 2025 ne Indiya ta hana wannan haɗi, bayan wani binciken BBC.

Amma masu zargin munafunci a wannan yaƙi suna da hujjoji uku da ya kamata a saurara.

Ta farko, yaron da aka samu da ƙwaya goma a aljihu shi ne ya fi sauƙin kamawa. Alhali Nijar ba ta da teku: kwalin da ya iso Yamai ya sauka a tashar jirgin ruwa, ya ƙetare iyaka, ya wuce shingaye. Ba lebura ne ya biya kuɗin motar ba. Ɓera da sata, daddawa da wari.

Ta biyu, manyan ƙasashen da ke yi mana wa'azi su ma ba su tsira ba. A Amurka, kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996, ya tallata shi a kan cewa bai cika kama jiki ba. Sau biyu aka amsa laifi gaban kotu, a 2007 da 2020, amma ko ɗaya daga cikin masu kamfanin bai kwana kurkuku ba. A 2021 kaɗai, dangin ofiyom sun kashe mutum sama da dubu 80 a can.

Ta uku ta fi ciwo. Mai jinyar kansa ko wanda aka yi wa fiɗa yakan rasa abin da zai rage masa azaba. Wani kwamitin mujallar Lancet ya nuna a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na morfin da danginsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masanan hukumar lafiya ta duniya, OMS, suka ƙi ba da shawarar a sa tramadol cikin ƙangin dokar duniya a 2018, don kada majinyaci na gaskiya ya rasa. Ke nan mai lafiya na samu a bakin titi, marar lafiya na nema a asibiti.

Ya kai mai karatu, in kai ɗan kasuwa ne, tambayi kanka yadda yaro ɗaya ke sauke maka lodin mutum uku, kana murna, in ya faɗi kuma ka ce ɗan ƙwaya ne ka sallame shi. In ma'aikaci ne kai, tuna cewa sa hannunka ko kau da kanka na iya zama ƙofar kwali dubu. Wanda ya kamu, majinyaci ne: likita yake buƙata ya rage masa sannu-sannu, ba gidan kaso ba. Hukunci mai tsanani kuwa a kai shi inda ribar take. Allah ya kare mana zuri'a.