Tashar Sararin Samaniya da Darasin Shugabanci a Tsakanin Maƙiya

A ranar 30 ga Maris 2022, kumbon Rasha mai suna Soyuz ya sauka a filin Kazakistan ɗauke da mutum uku: Rashawa biyu da Ba'amurke ɗaya, Mark Vande Hei, wanda ya shafe kwana 355 a sama. Mako biyar ke nan da Rasha ta afka wa Yukren, Amurka tana ta ƙaƙaba mata takunkumi, gwamnatocin biyu ba sa ga maciji da juna. Duk da haka Rashawa suka dawo da abokin aikinsu lafiya, suka miƙa shi ga mutanensa.

Wasu sun ɗauki lamarin a matsayin dattako. Ban musa ba, amma a ganina sirrin yana cikin yadda aka gina Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa tun farko. Tashar tana kewaya duniya a tsayin kimanin kilomita 400, sau 16 a kowace rana, kuma a hankali takan yi ƙasa saboda ɗan abin da ya saura na iska a wurin. Injinan ɓangaren Rasha ne aka fi dogara da su wajen sake ɗaga ta, manyan faifan tara hasken rana kuwa suna ɓangaren Amurka. Wanda ya yi fushi ya janye, ɗakinsa ya rusa. Hatta sashen farko, Zarya, da aka harba a Nuwamban 1998, a Rasha aka ƙera shi da kuɗin Amurka. Ƙasashe 15 suka sa hannu a yarjejeniyar a wannan shekara, kuma tun daga 2 ga Nuwamba 2000 tashar ba ta taɓa kwana babu mutum ba.

Tushen abin ya koma 1975, ana tsakiyar yaƙin cacar baka, lokacin da kumbon Apollo na Amurka ya haɗe da Soyuz na Tarayyar Sobiyet, Thomas Stafford da Alexei Leonov suka yi musabaha a sama. Hoton musabahar duniya ta riƙe. Ni kuwa abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙananan matsalolin da aka warware kafin a kai ga hoton. Iskar da ake shaƙa a kumbunan biyu ba iri ɗaya ba ce, sai aka ƙera wani ɗan zaure a tsakani inda mutum zai daidaita kafin ya tsallaka. Mahaɗin kansa an tsara shi yadda kowane ɓangare zai iya zama mai kamawa ko wanda ake kamawa, don kada wani ya zama dole ne ya jira ɗan'uwansa. Batun harshe kuma, aka yi wata dabara: Amurkawa su yi magana da Rashanci, Rashawa su mayar da Turanci. Mai magana da harshen da ba nasa ba yakan yi ta a hankali, da kalmomi masu sauƙi, mai sauraro kuma yana jin umarni da harshen da ya tashi da shi. Nakan kawo wa ɗalibaina wannan misali idan muna batun jagoranci, domin shugaba a nan shi ne ya ɗauki wahalar a fahimce shi.

Zo mu zauna, in ji Bahaushe, zo mu saɓa. An saɓa sau da dama, a kan kuɗi da jinkirin aiki. Amma amfanin zaman ya bayyana ranar 1 ga Fabrairu 2003, da jirgin Columbia ya tarwatse yana dawowa, mutum bakwai suka mutu. Amurka ta dakatar da jiragenta har zuwa Yulin 2005, kumbunan Rasha ne suka riƙe tashar. Haka kuma daga 2011 zuwa 2020, ƙasar da ta kai mutum duniyar wata sayen kujera ta riƙa yi a kumbon Rasha.

Columbia ta bar wani darasi mai ɗaci. Wani ɓallin soso ya bugi fiffiken jirgin lokacin tashi, injiniyoyi suka nemi a ɗauki hoton wurin tun jirgin yana sama, manya ba su ga dalili ba. Shekara 17 kafin nan an yi irin haka da Challenger: injiniyoyi sun yi gargaɗi cewa sanyin safiyar 28 ga Janairu 1986 zai hana zoben robar roka toshe mahaɗa, aka yi watsi da maganarsu, jirgin ya fashe daƙiƙa 73 da tashi. Masu binciken Columbia sun ɗora laifi a kan al'adar hukumar NASA kamar yadda suka ɗora a kan soson. Duk wanda ya taɓa zama a kwamiti, ya ga ƙaramin ma'aikaci ya haɗiye abin da ya sani don kada ya ɓata wa shugaba rai, ya san wannan ciwo, kuma jami'o'inmu ba su tsira daga shi ba.

Shugabancin tashar karɓa-karɓa ake yi. Peggy Whitson ta zama mace ta farko da ta jagorance ta a 2007, Frank De Winne ɗan Beljiyam ya karɓa a 2009, Koichi Wakata ɗan Jafan a 2014. Kwamanda yana da cikakken iko idan wuta ta tashi ko iska ta fara zurarewa, in ƙura ta lafa kuma ya shiga sahun masu share-share.

Kada dai a ɗauka kowa aka gayyata. Dokar da majalisar Amurka ta yi a 2011 ta ɗaure hannun NASA wajen hulɗa da Sin, Sinawa suka gina tasu tashar, Tiangong. Afirka kuwa ba ta da ko ɗaki ɗaya. Iyakar abin da za mu iya nunawa shi ne irin tauraron NigeriaSat-1, wanda aka ƙera a Ingila, aka harba daga Rasha a 2003, ya shiga ayarin taurarin lura da bala'o'i tare da na Aljeriya da Turkiyya da Birtaniya.

Ita kanta tashar ta tsufa. NASA na shirin tafiyar da ita zuwa 2030, sannan a sauko da ita ta faɗa wani yanki na tekun Pasifik da babu kowa.