Gammo Ba Ya Ƙara wa Wuya Ƙarfi: Magana a Kan Kariyar Saman Mota

Wata Asabar da hantsi, a hanyar Kano zuwa Zariya, muna bin bayan wata Golf doguwa wadda aka shaƙe da kayan jeren amarya. Katifa biyu a sama, da fuskar gado, da wasu kwalaye da aka lulluɓe da tamfol. Mun ɗan wuce Kwanar Ɗangora sai direban ya ƙara wuta domin ya wuce wata tirela. Nan take gaban katifar ya ɗaga kamar kada ya buɗe baki, kafin ka ce kwabo kayan sun tashi gaba ɗaya, har da ƙarfen da aka ɗaure su a kai, sun zube a tsakiyar kwalta. Allah Ya kiyaye, direbanmu ya bar tazara, ya samu ya kauce.

Da muka tsaya taya su kwashe kaya, mai motar sai rantsuwa yake yi: "Wallahi kariyar nan sabuwa ce, ƙarfe mai kauri na sa aka yi mini." Gaskiyarsa kuwa, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Abin da ya ci amanarsa wasu 'yan kunnuwa ne guda huɗu da suka riƙe ta a bakin rufin. Wannan shi ne a bar jaki a doki taiki. Yawancinmu idan za mu sa kariya kaurin ƙarfe muke dubawa, alhali ba nan maganar take ba.

Kariya a saman mota gammo ce. Komai kyan gammo, wuya ne ke ɗaukar kaya. Rufin mota kuwa ba abin da ido ke zato ba ne: falankin ƙarfen da ke tsakiyarsa bai kai kaurin milimita 1 ba, da tafin hannu ma sai ka lotsa shi. Ƙarfin rufin yana gefe-gefe ne, inda ya haɗu da ginshiƙan da ke tsakanin ƙofofi da gilasai. Shi ya sa duk kariyar kirki a gefe take kafa ƙafafunta, sannan a gitta sanduna biyu daga wannan gefe zuwa wancan, kayan su zauna a kan sandunan ba tare da sun taɓa rufi ba.

Kowane kamfanin mota yana rubuta iyakar nauyin da rufin motarsa zai ɗauka tana tafiya. A yawancin ƙananan motoci tsakanin kilo 50 ne zuwa 100. Golf kilo 75 aka rubuta mata. Sienna, duk girman nan nata da ake cika ta da fasinja, kilo 68 ne. A cikin wannan adadi kuma har da nauyin kariyar kanta. Sandunan alminiyum na kamfani guda biyu da ƙafafunsu ba su wuce kilo 5 ko 6 ba, amma kejin da mai walda ya haɗa maka da ƙarfe mai kusurwa da fayif, ka ɗora shi a sikeli, kada ka yi mamaki idan ya haura kilo 25. To yi lissafi da kanka. Buhun shinkafa ɗaya kilo 50 ne, ya cinye abin da ya rage. Buhun masara mai kilo 100 kuwa shi kaɗai ya wuce iyaka tun kafin a ɗora jakar kowa. Jarka uku ta ruwa mai lita 25, magana ta ƙare.

Na san abin da direban haya zai ce, domin na sha ji a tasha: "Malam, mun shekara goma muna loda buhu huɗu a sama, ba abin da ya faru." Ba na ƙaryata shi. Mota a tsaye tana iya ɗaukar ninkin abin da aka rubuta, shi ya sa za ka ga ƙarti biyu a kan rufi suna ɗaure kaya bai burma ba. Amma adadin da kamfani ya bayar na mota mai tafiya ne. Idan taya ta faɗa rami, kayan da ke sama sai su yi tsalle su dawo da ƙarfin da ya ninka nauyinsu. Idan ka taka birki da gaggawa, motar ce ta tsaya, buhu bai san an tsaya ba, gaba yake son yi. Idan ka sha kwana, nauyin da ke can ƙololuwa yana rinjayar motar waje, kamar yarinyar da ta ɗauko tulu ta juya da sauri. Motar da kayanta ke ƙasa za ta iya kauce wa akuya ta koma hanya. Wadda aka yi wa tulin kaya a ka, musamman doguwar bas ko jif, wannan kaucewar ce ke kifar da ita. Shekara goma da direba ke taƙama da su, shekaru ne da akuyar ba ta fito a wurin da bai dace ba. Kamfanonin da ke ƙera kariya don hanyar daji, irin su Rhino-Rack na Ostireliya, suna cewa a rage kashi ɗaya cikin uku na nauyin idan an sauka daga kwalta. Wanda ya san hanyoyin kasuwannin ƙauyenmu da damina ya san wane lissafi ya shafe shi.

Sai zaɓe. Kafin ka je kasuwa, tsaya ka dubi saman motarka, domin rufin ne zai gaya maka irin ƙafar da za ka saya.

Tsofaffin motoci sun fi kowa sauƙi. Fijo 504, wadda kamfanin PAN da ya fara aiki a Kaduna a 1975 ya cika mana hanyoyi da ita, tana da magudanar ruwa ta ƙarfe a bakin rufi, kamar indararo. Haka tsohuwar Land Rover da bas-bas da yawa. Ƙafar kariya sai ta zauna cikin magudanar, a damƙe ta da maƙali daga ƙasa, a ɗaure noti. Wurin yana da ƙarfi, kuma a kansa masu waldarmu suka koyi sana'ar. Matsalar ita ce motoci sun canza, dabarar ba ta canza ba. Motocin yanzu an daina yi musu wannan magudana saboda iska da ƙara, amma har gobe ana ƙera musu kariya irin ta 504, a lanƙwasa ɗan ƙarfe a saƙala a bakin ƙofa. Irin ta ce na gani a Kwanar Ɗangora.

Motocin da ake shigo mana da su daga Turai ta Kwatano, irin su Sharan da Golf doguwa, da yawansu suna zuwa da ƙarafa biyu da suka miƙe daga gaba zuwa baya a gefen rufi. Idan hannunka na iya shiga ƙarƙashinsu, ka huta: sanduna biyu kawai za ka nema masu ƙafar da ke rungumar ƙarfen. Idan kuwa a manne suke da rufi babu rata, sai ƙafar da aka yi wa wannan mota takamaimai, domin kowane kamfani da siffar tasa. A lura, akwai waɗanda ado ne kawai, roba ce aka manna, ba a yi su don ɗaukar komai ba. Wasu motocin kuma suna da wuraren ɗauri a ɓoye. Duba baƙar robar da ta bi gefen rufin, za ka ga 'yan marafai huɗu, idan ka ɓalle su akwai ramin noti a ciki. Mutane da yawa sun kai motarsu an huda mata rufi ba su san kamfani ya riga ya tanadar musu wurin ba. Na ƙarshe shi ne rufi fili, babu komai. Shi ma akwai ƙafarsa, mai kama bakin ƙofa ta sama da wani ƙarfe da aka lanƙwasa daidai da siffar motar, da roba a ƙasa don kada fenti ya ci. Wannan irin ne ya fi son a bi ƙa'ida, kuma a nan ne kayan "yana shiga kowace mota" suka fi yaudara. Kamfanin Thule na Suwidin, wanda aka kafa a 1942, yana ba kowace irin mota lambar maƙalinta daban, ba don son wahalar da mai saye ba.

Ba cewa nake yi kowa sai ya sayi na Turai ba, kuɗinsa ba na kowa ba ne, kuma muna da masu walda da suka san hannunsu. Amma idan za a ƙera maka, ka tsaya a kan abu uku. Kada a huda tsakiyar rufi, domin ruwa zai shiga, tsatsa ta biyo baya, ramin ya yi ta faɗi har notin ya zare. Kada a huda gefe da ka, saboda motoci da yawa suna da jakar iska ta kare kai a naɗe a ƙarƙashin wurin, ga wayoyi. Sannan a yi ta da sauƙin nauyi, tunda duk kilo ɗaya da ƙarfe ya ci an rage maka shi ne daga kaya. A 'yan gwanjo ma ana samun sanduna na asali da aka ciro daga motocin da suka shigo. Duba robobin ƙafar ko sun tsage, duba notin ko ya ci, kuma ka gwada a motarka kafin ka biya. Araha ba ta ado.

Siffar sandar ba ta da wata doguwar magana. Mai kusurwa huɗu ta fi araha, ta fi kuka a hanya. Mai siffar fiffiken jirgi ta fi shiru, kuma ɓangarenta mai kauri shi ke kallon gaba, siririn ya kalli baya. Idan taka mai fito ce, naɗa mata igiya a karkace daga wannan ƙarshe zuwa wancan, fiton zai ragu.

Wajen ɗaurawa, fara da wanke rufin. Ƙurar hunturu da ta maƙale ƙarƙashin roba tana goge fenti kamar sanfefa, kuma tana sa ƙafa ta zame. Ɗora sandunan ba tare da ka matse ba, ka ɗauko tef ka auna: tsawon da ya fito a dama ya zama daidai da na hagu, nisan kowace ƙafa daga gilashin gaba ya zama ɗaya. Tazarar da ke tsakanin sandar gaba da ta baya kada ta gaza santimita 70 sai idan takardar kayan ta faɗi wani abu daban, domin idan suka matsu kaya mai tsawo zai riƙa lilo. Sannan ka matse kaɗan-kaɗan, dama sannan hagu, kana zagayawa, kada ka gama da gefe ɗaya ka ja sandar ta karkace. Matsewar ma da iyaka. Wasu kamfanoni suna haɗowa da makullin da ke yin ƙara idan ya isa. Wanda ya sa sifana ya hau da ƙarfin tuwo zai lotsa bakin ƙofa, daga nan ruwan sama ya samu hanya. Idan ka gama, kama sandar da hannu biyu ka girgiza da ƙarfi. Motar ce ya kamata ta motsa, ba sandar ba. Buɗe but ka ga ko yana bugun kaya, idan rufin mai taga ne ka gwada ta. Bayan tafiyar kilomita 50 ta farko ka tsaya ka sake bin notin, domin roba tana kwanciya.

Ɗaurin kaya shi ne inda muka fi sakaci. Robar tsohon tiyub da 'yan lodi ke ji da ita tana da kyau a kan babur, amma a saman mota miƙewarta ce aibinta: tana ba kaya damar ɗagawa, iska ta shiga ƙarƙashi. Ƙarfin iska kuwa ba a hankali yake hawa ba. Idan ka ninka gudu daga kilomita 50 zuwa 100, bugun iska sau huɗu yake ninkawa. Katifa da kwanon rufi da falanki su ne abokan iska, nauyinsu kaɗan, faɗinsu da yawa. Nemi ɗamara mai ƙarfen matsewa, ko igiya mai ƙwari wadda ba ta miƙewa, ka ɗaure a jikin kowace sanda daban. Mai nauyi ya zauna a but, mai girma marar nauyi ya hau sama, kuma a tsakanin sandunan biyu. Tsani ko katako ko fayif da ya zarce motar, irin na masu haɗa sola da 'yan gini, a ƙara masa igiya ta gaba da ta baya zuwa ƙugiyar jan mota, a rataya jan ƙyalle a ƙarshensa. Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, suna kama mota a kan lodin da ya wuce kima, kuma nauyin da ke sama yana cikin jimillar abin da motar za ta ɗauka tare da fasinja, ba kyauta aka ƙara maka ba. Ka kuma tuna motarka ta ƙara tsawo kafin ka kutsa ƙofar gareji.

Akwai kuma maganar mai, wadda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ta zama maganar kowane gida. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban akwatin kaya a saman mota yana rage nisan da lita ke kai ka da kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari idan ana gudun kilomita 105 zuwa 120 a awa. Tulin kaya cikin tamfol mai kaɗawa ba zai fi akwati sauƙi ba. Ko sanduna tsirara suna shan nasu. Saboda haka, mai karatu, idan biki ya watse an kai amarya ɗakinta, ɗauko sifana ka kwance kariyar nan ka jingine ta a zaure, ka zuba notinta a leda ka ɗaure a jikinta.