min da max a Go: a jikin harshe ko a laburare?

Tun daga 2012 da aka fitar da Go 1.0 har zuwa Agustan 2023, mai rubuta manhaja da harshen Go bai da hanyar kai tsaye ta zaɓar babba tsakanin cikakkun lambobi biyu. Akwai math.Max da math.Min, amma float64 kaɗai suke karɓa. Ko dai mutum ya juya lambarsa zuwa float64 sannan ya dawo da ita, wanda hakan kan gurɓata lambar da ta haura 2^53, ko kuma ya rubuta nasa ɗan max da if. Yawanci na biyun aka riƙa bi, kowa da nasa.

Da Go 1.18 ya zo a 2022 da damar rubuta aiki ɗaya da zai karɓi nau'o'in lambobi daban-daban, sai hanya ta rabu biyu: a ajiye min da max a laburare, ko a dasa su a jikin harshen kamar len da append.

Masu son laburare suna da hujja. Robert Griesemer da Rob Pike da Ken Thompson sun gina Go ne ya zama ƙaramin harshe, kuma abin da ya shiga jikinsa ba ya fita, saboda alƙawarin da aka yi cewa tsohon rubutu ba zai daina aiki ba. Ga shi kuma aikin laburare ana iya miƙa shi ga wani aiki, na jikin harshe kuwa kiransa kawai ake yi.

Amma akwai abin da laburare ba zai iya ba. Idan ka rubuta max(3, 7) a Go 1.21, wanda ya fito a Agustan 2023 da min da max a jikin harshen, amsar tsayayyar lamba ce da aka sani tun kafin manhajar ta fara gudu, har za ka iya auna girman jeri da ita. Ba ka shigo da komai ba, kuma lamba biyu ko goma duk ɗaya ne. Go 1.21 ya kuma yanke hukunci guda a kan NaN, wato ƙimar da ba lamba ba ce: in ya shiga lissafi, shi zai fito. Nan ne max ɗin gida ya saba yin tuntuɓe ba tare da mai shi ya sani ba.

Tsoron karya tsohon rubutu fa? Ba a mai da su haramtattun kalmomi ba, don haka wanda ya riga ya rubuta nasa max, nasan ne zai ci gaba da aiki.

A ganina dasawar ta fi, tunda ba a wuce gona da iri ba. Neman babba a cikin dogon jeri an bar shi a laburare, wato slices.Max, wanda shi ma a 1.21 ya fito.